Farfesun 'Yan Dubiya

Shekarun farko na dawowar mulkin farar hula su ne shekarun da mijina ya fi cin nama a rayuwarsa. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ni kuma ina karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Muna zaune a Jabi, a saman wani bene. A lokacin gini ake ta yi ko'ina a Abuja, kuma kowace ma'aikata ba ta rabuwa da taron bita. A otal ake yin taron, a otal ɗin kuma akwai dogon teburin abinci inda mutum zai ɗauki faranti ya zuba wa kansa. Da rana ya ci a can. Da yamma su tsaya wurin mai tsire da abokan aiki, su ci balangu da hanta da ƙoda. Ya dawo gida ya tarar da miyata, ita ma cike da nama, domin a lokacin ni kaina ina ganin abin kunya ne gidan da miji da mata ke ɗaukar albashi a sauke miya babu tsoka a kai.

Wata safiya ya sauko da ƙafa daga gado ya kasa takawa. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Da ƙyar muka sauko da shi daga bene. A asibiti likita ya ce ciwon da suke kira gawut ne. Ya yi mana bayani a fili: wani sinadari ne ke taruwa a jini, ya je ya daskare a gaɓoɓi kamar ƙananan allurai, kuma nama ke ƙara shi, musamman kayan ciki da romo. Ya rubuta magani, ya ce a ajiye jan nama da kayan ciki da romon nama. Ya ƙara da cewa idan aka yi wasa da maganar, daga ƙafa ƙoda ciwon yake nufa.

Na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Ni ke da kicin, ni ke zuwa kasuwa. Na manta da 'yan dubiya.

Tun a ranar da aka ji yana kwance aka fara zuwa. Abokan aikinsa da matansu, 'yan ƙungiyar garinsu mazauna Abuja, matar daraktansa da direba biye da ita. Babu wanda ya zo hannu sake. Kowa da kularsa, kuma a shekarun nan kula ta zama abin nuna matsayi, manya-manya masu zanen zinare da ake kawowa daga ƙasashen waje. Ana buɗewa falo ya cika da ƙamshi. Farfesun kayan ciki, farfesun ƙafar saniya, kan rago, wutsiyar sa. Abin da likita ya hana, shi ne daidai abin da al'adarmu ta tanadar wa mara lafiya.

Kuma ba ajiyewa suke su tafi ba. Zama suke yi sai sun ga ya ci.

"Oga, daure ka sha romon, shi ke tayar da mutum."

"Likitocin nan in ka biye musu, ruwa ma sai su hana ka."

Na yi bayani da ladabi. Na faɗi abin da likita ya faɗa, kalma bayan kalma. Wani abokinsa mai yawan barkwanci ya dube ni ya ce, "Madam, mun ji ki da safe a rediyo. Yanzu ba labarai ake ba, dubiya muka zo." Aka yi dariya, har da mai ciwon. Ya karɓi kwano ya sha, ya tsince tumbi da hanji, ya sa albarka. Da suka fita na yi masa magana, ya ce, "To ya zan yi? Mutum ya taso daga Kubwa da abinci, in ce ba na ci?"

Kafin wata ya cika ciwon ya dawo, wannan karon har da idon sawu. Aka ɗebi jini aka auna. Likita ya daɗe yana duba sakamakon, sannan ya ce ƙodar ta fara nuna alamar gajiya. Ya juyo gare ni.

"Madam, ke ce mai girki a gidan, ko?"

Na ce ni ce.

"To ki taimaka mana."

Tun daga ranar da ya yi gargaɗin farko ko ƙashi bai shiga tukunyata ba. Mijina yana zaune a gefena, ya san haka, amma bai kare ni ba, ƙafarsa kawai yake kallo. Na fito daga ofishin nan da fushin da ban san inda zan kai shi ba. Idan ya ci naman mutane ya kwanta, laifin mai girki ne. Idan na hana, ni ce matar da ke wa miji rowa yana jinya.

A gida ma ba a zauna lafiya ba. Miyar alayyafo da ta kuɓewa da nake yi babu nama, zai sa cokali ya yi ta juyawa yana nema, sannan ya ci loma kaɗan ya ture. Ya ce lami ce. Gaskiya ya faɗa, lami ce. Mutumin da ya tashi da yunwa daga gaban tuwon matarsa ba zai ƙi farfesun baƙi ba. Na gane cewa hani kaɗai ba zai yi ba, sai na samo abin da haƙori zai kama, harshe kuma ya yarda.

Na fara da awara. Akwai wata mata da ke soya ta kusa da tashar motar Jabi, 'yan makaranta da kwandastoci su ne masu saye. Ranar farko da na kawo, mijina ya leƙa faranti ya ce, "Abin ya kai ga haka? Abincin yara?" Abin da ya ba ni haushi shi ne, na taɓa ganin wannan awarar da idona a teburin wani otal, an yanka ta ƙanana an ba ta sunan waje, manyan ma'aikata suna layi da faranti suna yaba girkin mutanen Asiya. Waken suya ne ɗaya, daga gonakin Binuwai da Kaduna. A otal wayewa ce, a gidana talauci.

Na koma wurin matar na ce ta riƙa sayar mini da ɗanya, kafin a soya. Wata rana na saya da yawa na jefa a firiza ta daskare, aka ɗauke wuta aka daɗe ba a kawo ba, ta narke. Na ɗauko da niyyar zubarwa. Sai na ga ta canza: ta yi huji-huji kamar soso, da na matse ruwa ya fita tas, ta bar wani abu mai tauri da ke yagewa sili-sili. Na jiƙa ta a ruwan albasa da citta da tafarnuwa, ta shanye. Daga ranar na mayar da shi ƙa'ida: a daskarar, a narkar, a matse ƙarƙashin turmi.

Da ita na yi dambu. A marmashe, a soya a hankali da albasa da attarugu har ta bushe ta yi launin ƙasa. Da ita na yi tsire, na shafe da ƙuli-ƙuli da yaji na gasa a kan gawayi a baranda. Na sayo garin kori na ƙamshin miya a wani kantin Indiyawa a Wuse, na dafa awarar da shi da madarar kwakwa da ɗan daddawa, muka ci da tuwon shinkafa. Na barbaɗa dambun a kan taliya. Wasu sun yi kyau, wasu kuwa ko yaranmu sun ƙi ci. Mijina ya fara cinye abin da ke farantinsa, amma bai fasa ƙorafi ba.

"Wannan fa ba nama ba ne."

"Na sani. Ni na dafa."

"Na dai faɗa ne kada ki ɗauka kin yaudare ni."

Farfesu ne ya gagare ni. Awara ba ta ba da romo. Maƙwabciyata ta ƙasan bene ce ta fitar da ni. 'Yar Filato ce, akanta a wata hukuma, muna gaisawa a matakala, idan Sallah ta zo in aika mata, idan Kirsimeti ta zo ta aiko mini. Ta ji ƙamshin gawayi ta hawo ta ga abin da nake yi. Washegari ta kawo mini wata leda cike da wani abu busasshe, baƙi-baƙi, mai warin daji.

"Mamana ya aiko daga gida," in ji ta, da irin Hausarta. "Ki jiƙa shi, kar ki zubar da ruwan. Ruwan ne oga."

Laimar kwaɗi ce, irin wadda ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace da damina. Ni a gidanmu an ce mini guba ce, ko taɓawa ba ma yi. Ta ce akwai mai guba, akwai ta ci, kuma mutanensu sun san bambancin tun kaka da kakanni. Ta dafa a gabana ta ci, na ɗanɗana. A ziyararmu ta gaba na tambayi likita, ya ce babu laifi in dai ba a cika ba.

Wata Asabar muka tafi Ushafa, garin magina tukwane, ni da ita na sayo tukunyar ƙasa, domin ta ce a tukunyar ƙarfe ɗanɗanon guduwa yake. Na yi ta gwadawa. A ƙarshe ga yadda ya tsaya: a soya albasa har ta kusa ƙonewa, a zuba daddawa da citta da kanumfari da masoro da kimba, a sa laimar da ruwan jiƙonta, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan, sai dab da saukewa a jefa gasasshiyar awara ta sha romo. Ranar da ya yi daidai mijina ya sha kwano guda ya miƙo a ƙara.

Daga nan na canza yadda nake karɓar baƙi. Da na ji sallama, ni ce a bakin ƙofa. In karɓi kula da hannu biyu, in yi godiya, in ce bari in juye in ɗumama masa. In shiga kicin in fito da nawa farfesun a kwano yana tururi. Mai dubiya ya ga Oga yana sha, ransa ya yi fari. Naman kuwa yara su ci, saura ya sauka ƙasan bene ko ya tafi wurin masu gadi. Mijina ya sani sarai, ya kan ɗago ido ya dube ni ta saman kwano, sannan ya juya ya ce wa baƙon, "Allah ya saka da alheri, a gaida Madam."

Tun da ba a mayar da kwano fanko, sai na riƙa cika kulolin da tsiren awara da dambu. Abokin nan mai barkwanci ya kira mijina a waya, lokacin wayar hannu ta fara yawa, yana tambaya wane mai tsire ne muka samu a Jabi da namansa ba shi da jijiya. Ban ji daɗin yabon ba. Mutumin da ya mayar da ni abin dariya da na faɗa masa gaskiya, ga shi yana yabo da na rufe shi.

Kumburin ya sauka. Mijina ya koma aiki, da takalmi sau-ciki. Da a nan aka tsaya da babu abin da zan rubuta.

Mijina yana da yaya mace, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A wurina matsayin uwar miji take, Yaya nake kiran ta kamar yadda yake kiran ta, kuma ban taɓa zama a kujera tana ƙasa ba. Lokacin da ciwon ya fara tana gida Arewa. Daga baya ta dawo Kubwa wurin ɗanta, ta ji labari, ta zo ranar Asabar da kularta. Tata ba mai zanen zinare ba ce, tsohuwa ce, murfin ya ɗan fashe. A ciki akwai farfesun kayan ciki irin na mahaifiyarsu, wanda mijina ke ba da labarinsa tun muna sabon aure.

Na miƙa hannu na ce bari in juye.

"Bar shi," in ji ta. "Da zafinsa. Kawo mini kwano da cokali kawai."

Ta zauna a kan kafet, ta buɗe da kanta, ta zuba da kanta. Na durƙusa na yi mata bayani, a hankali, har da maganar ƙoda. Ta saurara har na gama.

"Likitan nan shekararsa nawa?"

Na ce matashi ne, amma ya san aikinsa.

"Ni na goya wannan. Da ya yi ƙyanda, da ya yi shawara, da wannan romon na tashe shi. Dube shi, wuya duk ya fito. Me kike ba shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tashi ta shiga kicin, abin da babu baƙon da ya taɓa yi. Ta tarar da turmi a kan awara yana tsiyayar da ruwa, ta tarar da roba da laima a jiƙe. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta fito da ita falo.

"Kai, ka san abin da ake ba ka a gidan nan? Laimar kwaɗi. Kana mataimakin darakta." Ta juyo gare ni. "Albashin ne ba ya isa, ko boko ne ya kai ku nan? In babu ne ku faɗa, ba mu rasa abin sayen tumbi ba."

Na dubi mijina. Jira nake ya ce, Yaya, likita ne ya hana, kuma abincin nan shi ya tashe ni. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya ke nan," ya jawo kwano. Ya cinye tas, ta ƙara masa, ya cinye. Tana kallon sa tana cewa, "Yawwa, ko kai fa." Ina tsaye a bakin ƙofar kicin. Da za ta tafi na wanke kula na zuba mata dambu kamar yadda na saba. Ta buɗe, ta shinshina, ta juye shi a faranti ta bar mini a kan teburi, ta tafi da kularta fanko.

Asabar ta gaba ta dawo, da ta bayanta. Ranakun mako ina gini, ranar Asabar a rushe. Na yi wa mijina magana, ya ce sau ɗaya a mako ba zai yi komai ba, kuma shi ba zai iya kallon idon Yaya ya ce ba ya cin abincinta ba. Na ce to ka bar ni ni in kalla. Ya ce in rufa masa asiri.

Tashi na uku ya fi na baya duka. Gwiwa ta shiga ciki. Ko zanen gado ya taɓa ƙafar sai ya cije leɓe. A zaune yake salla, Juma'a ta wuce bai je masallaci ba. Aka sake auna jini, likita ya ce abin da ya gani a ƙoda ya ƙaru, kuma idan ta lalace ba ta dawowa, sai dai a koma wankin ƙoda. Wannan karon bai tambaye ni ko ni ce mai girki ba. Kallo na kawai ya yi, kuma kallon ya fi tambayar ciwo.

Ranar Asabar Yaya ta zo da hantsi. Mijina ya sha magani barci ya ɗauke shi. Ta leƙa ɗaki ta gan shi, ta yi addu'a, ta fito tana share ido da gefen mayafi. Ban taɓa shakkar son da take masa ba. Ta ajiye kula a kan teburi.

"Kin ga abin da nake faɗa? Jiki babu ƙarfi, dole ciwo ya samu wurin zama. Yau har da ɓargo na sa. In ya tashi ki ba shi. Zan kira shi da la'asar in ji ko ya ci."

Ta tafi. Na zauna ina kallon kular. Zan iya juyewa in ba shi nawa, amma za ta kira, kuma ba ya iya yi mata ƙarya. Ko ya iya, wata Asabar tana zuwa, za ta same shi a farke. Na san abin da mayar da abinci yake nufi a wurinmu. Kwano fanko ma rashin kyautawa ne, balle a mayar wa mutum da abin da ya dafa da hannunsa, ba a taɓa ba. Ana yin haka ne ga wanda ake zargi da sa wani abu a ciki, ko wanda ake so a yanke hulɗa da shi. Na san haka za a fassara shi, kuma na san babu wanda zai tsaya jin dalili.

Na roƙi maƙwabciyata ta hawo ta zauna da yara. Na ɗauki kula na sa a kujerar gaba, na tuƙa zuwa Kubwa. Ana ta aikin hanya, manyan motocin yashi sun cika titi, na riƙa dafe murfin da hannu ɗaya kada ya zube.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, surukarta tana gefe. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye kula a gabanta. Ta ɗaga ta ji nauyi. Ta buɗe.

"Bai ci ba?"

"Bai farka ba, Yaya. Ni ce na dawo da shi."

Surukar ta tashi ta shige ɗaki.

"Kin dawo mini da abinci."

"Na dawo da shi. Likita ya ce ƙodarsa ta fara lalacewa, kuma wannan ne ke lalata ta. Na faɗa miki a gida ba ki karɓa ba. Shi ba zai iya ƙin abincinki ba, ko zai kashe shi. To ni na ƙi a madadinsa. Duk abin da kika kawo ban da nama da romonsa, da hannuna zan ba shi."

"Guba na sa a ciki?"

"Ba ki sa ba."

"To me ya rage? Faɗi, ai ke ce mai magana duniya ta ji."

Na ce babu abin da ya rage, na faɗa duka. Ta mayar da murfi a hankali, ta ture kular gefe da bayan hannu, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na yi mata sallama ba ta amsa ba. Na shiga mota na kamo hanyar gida.

Na tarar ya farka. Na faɗa masa abin da na yi tun kafin in cire mayafi.

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Yaya fa."

"Ƙodarka fa."

Da la'asar wayarsa ta yi ƙara. Ina zaune a bakin gado, ina jin muryarta tana fita daga wayar, ba na jin kalmomin. Ya yi ta cewa, "Na'am, Yaya. Haka ne, Yaya. Ki yi haƙuri." Ta daɗe tana magana. Da ta tsagaita sai na ji ya ce, "Yaya, ni na ce ta mayar. Ba na iya taka ƙasa. Ina jin tsoro." Sai wayar ta katse.

Bai aike ni ba, mu biyu mun sani. Ya ajiye wayar a kan filo ya ce, "Kin haɗa ni da yayata." Ban ba shi haƙuri ba. Da ya faɗi rabin wannan maganar ranar da ta ɗaga laima a falo, da ban tuƙa zuwa Kubwa ba. Can an jima ya ce, "Akwai sauran abin nan na tukunyar ƙasa?" Na tashi na ɗumama.

Labari ya riga ni isa ko'ina. Kafin mako ya zagayo an sani a ƙungiyar 'yan garinsu, an sani a gida Arewa. Yadda aka ba da shi kuwa: matar wane ta mayar wa yayarsa da abinci, tana ciyar da shi ciyawa da abin da kwaɗi ke fakewa a ƙarƙashi. Wata gwaggonsa ta kira mahaifiyata. Mahaifiyata ta kira ni ta ce ba haka ta tarbiyyantar da ni ba. Na yi mata bayanin ƙoda, ta ce ta ji, amma da na zubar a kwata na mayar da kula da ɗan sabulu a ciki, wa zai sani? Kowa yana da dabarar da ta fi tawa, kuma duk dabarun a kan ƙarya suka tsaya. Babu wanda ya ce laifi ne a ɗura wa mara lafiya abin da ke cutar da shi. Laifin shi ne a faɗa.

Amfani ɗaya da abin ya yi, kuloli sun ragu. Masu zuwa suka koma kawo lemo da kankana, suna ajiyewa suna satar kallo na. Yaya ta daina zuwa. Mijina ya riƙa zuwa gaishe ta shi kaɗai bayan ya fara takawa, kuma ya ce mini ruwa kawai take ba shi. Awon da aka yi daga baya ya nuna ƙodar ta tsaya inda take. Ba ta koma sabuwa ba, amma ba ta ƙara lalacewa ba, kuma har yau ba a kai ga wanki ba.

Da Babbar Sallah ta zo, ɗan Yaya ya yi sallama da tsohuwar kular nan mai fasasshen murfi. Soyayyen naman layya ne a ciki. Ya gaishe ni, ya ce, "Mama ta ce a faɗa miki na yara ne." Na tambaye shi ko ta ƙara da wani abu. Ya ce a'a, ta dai maimaita masa sau biyu kada ya manta: na yara ne.

Na juye, na wanke, na cika ta da tsiren awara mai zafi na ba shi. Ban san ko ta ci ba, ban kuma tambaya ba. Mun koma gaisawa, ina durƙusa mata kamar da, amma maganar ba ta taɓa tasowa tsakaninmu ba.

A dangin mijina har yanzu idan aka zo kwatanta ni ga wanda bai san ni ba, ba a cewa mai karanta labarai. Cewa ake, wadda ta mayar da kula. A wani biki da aka yi kwanan baya na ji wata tana faɗa wa wata haka a bayana, da murya ƙasa-ƙasa. A daidai lokacin mijina yana ƙetare filin da ƙafarsa, sanye da takalmi, zai je gaida mutane. Ɗaya daga cikinsu ta bi shi da kallo ta ce, "Ikon Allah, ya warke sarai. Da ma ciwon ba wani mai tsanani ba ne."